Hannun da ke Bayana

Ni ne mai durƙusawa a tsakiyar sahu,
in miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafuna
ga hannun da ba na gani.
Shekara uku hannun Wendell Prazak ne.
Na san shi kamar yunwar cikina:
busasshe, mai ɗumi, babban yatsa a karkace
tun ranar da ƙyauren rumbun babansa ya datse shi.

Daren Juma'a, masarar Nebraska ta bushe a tsaye,
fitilu sun haske fili kamar tsakar rana.
Ƙarar ba ta kai ta karyewar kara ba.
Ƙas.
Gwiwa ta juya inda gwiwa ba ta zuwa.
Mutum dubu biyu suka yi tsit,
har ana jin injin gugguru yana ta faman aikinsa,
don shi ba wanda ya gaya masa.

Ran Litinin Koci Halloran bai yi mana huɗuba ba.
Tsumma ya ɗauka, ya goge rabin allo,
duk dogayen kibiyoyin nan
da hannu ɗaya tak a garin ke iya cikawa.
Ya nuna wani yaro da kwalkwali ya yi wa yawa.
Emmett Ruelas. Shekara sha biyar.
Uwarsa na aikin dare a mayankar shanu.

Hannunsa sanyi kamar kifi.
Muryarsa na tsinkewa a tsakiyar ƙidaya.
Na miƙa, ta faɗi. Na miƙa, ta faɗi.
Na ciji robar bakina don kada in yi zagi.
Aka ci mu talatin da ɗaya da shida.
A shagon kofi tsofaffi na juya cokali,
suna cewa da babu gara ba daɗi,
ɗaya ya ce a'a, wannan gara babun.
Mako na biyu aka sake cin mu.

Sai ga Wendell ran Laraba, bisa sanduna biyu,
ƙafa a ɗaure, fuska ta faɗa.
Ya daɗe yana kallo, bai ce uffan ba.
Can ya kira ni, ba yaron ba.
"Kana miƙa mini ne har yanzu," in ji shi.
"Bahago ne. Juya masa ɗinkin."

Mako biyu ina jin haushin hannun yaro,
ashe nawa ne bai yarda an yi rashi ba.

Daga nan muka koma cin ƙasa da taku.
Taku huɗu. Taku uku. A tashi, a sake.
Mu ƙartin gaba da ba a san sunanmu ba
muka zama garma, yaron na bin kunya.
Ba kyan gani. Masu kallo har hamma suke yi.
Amma sannu ba ta hana zuwa:
sha uku da goma, cikin ƙanƙara mai laushi,
uwar Emmett na tsalle da takalman roba na aiki.

Da aka watse na tarar da Wendell a bayan akori-kura,
yana kallon fitilu ana kashe su ɗaya-ɗaya.
Wasiƙun jami'o'i sun daina zuwa, ya ce,
kamar mai ba da labarin ruwan sama.
Ban sami abin faɗa ba.
Na ɗora sandunansa a baya, na tuƙa shi gida.

Gobe ma zan durƙusa.
Hannun da ke bayana ya fara ɗumi.
Wani lokacin, kafin ƙidaya ta cika,
nakan lalubi karkataccen yatsan nan,
sannan in tuna, in juya ɗinkin.